Ranar da Muka Share Dajin Urho

A ƙauyenmu, in ana son a ce abu ya tsaru, sai a ce kamar dajin Urho. Daga bakin titi kana hango ƙarshensa ta tsakanin bishiyoyi, don babu reshe ko ɗaya a ƙasa, babu busasshen itace a tsaye. In iska ta karya wani abu yau, kafin gobe da rana Urho ya sare shi, ya faskara, ya jera a bayan sauna, wato ɗakin wankan tururi. Jerin itacen nan nasa kuwa, baƙi masu wucewa tafki har tsayar da mota suke yi su ɗauki hotonsa. Shi kuma sai ya yi kamar bai gani ba, yana ɗan gyara zaman hularsa.

Ta gabas, dajinsa ya yi iyaka da na surukinsa Reino, mijin ƙanwarsa. Shi Reino tun da ya je wani taron masu daji a birni ya dawo da sabon ra'ayi: wai daji ba tsakar gida ba ne, a bar mataccen itace ya ruɓe a inda ya faɗi, tsutsa ta ci itace, tsuntsu ya ci tsutsa. Ko katako ya sayar, sai ya sa a bar masa tsofaffin bishiyoyi nan da can, da dogayen kututture a tsaitsaye kamar haƙoran tsohuwa. Urho ya raɗa wa dajin suna Juji, sunan kuwa ya bi shi. In suka haɗu a kanti, gaisuwarsu ba ta canzawa.

"Suruki, yaya juji? An kai sabon kaya?"

"Lafiya lau. Yaya falo? Ka yi wa bishiyoyin guga yau?"

Daga nan kowa ya sayi abin da ya kawo shi. Shekaru muna jin wannan, har mun daina dariya.

Da bazarar da nake ba ku labari, bayan ƙanƙara ta narke, aka yi wa Urho aikin ƙugu a asibiti. Ya dawo gida da sanduna biyu da umarnin likita cewa kada ya wuce baranda. Ana cikin haka Impi, wadda ke shugabantar ƙungiyar ƙauye, ta fita tsintar naman kaza, ta bi ta cikin dajinsa har ta haura tudu ta gangara kwarin da ke baya, inda ba a gani daga titi. Ta dawo kanti kwandonta babu komai, fuskarta kamar wadda ta fito daga jana'iza.

"Ku zo ku ji," ta ce. "Urho ya daɗe ba shi da lafiya, ba mu sani ba."

Ta ce bayan tudu itatuwa ne kwance kan juna, sun yi gansakuka, wasu sun mutu a tsaye babu wanda ya taɓa su. Ta ce wurin ya fi na Reino muni, sannan ta juya ta ce wa Reino ya yi haƙuri. Reino ya ce ba komai, ya saba.

Nan take aka sa gayya ranar Asabar. A wajenmu ba a tambayar mutum ko yana son gayya, don tambayar tamkar ce masa ya gaza ne. Shi ma ba ya cewa a'a, don wannan tamkar ce wa maƙwabta hannunsu da datti ne. Abin da ke kan masu gida kawai shi ne gahawa da romon kifi.

Ni aka aika in sanar, saboda gidana ne kusa da nasu, kuma an san ba na ƙara wa saƙo gishiri. Na sami Kerttu, matar Urho, a kicin tana murza ƙullin burodi. Da na faɗa mata sai ta tsaya da hannu cikin ƙullu, ta dube ni, ta dubi taga, na ga kamar dariya ce ke neman kuɓuce mata.

"To. Asabar. Sai in sayo kifi," ta ce. "Je ka gaya wa tsohon da kanka, Toivo, yana baranda. Bar ƙofar a buɗe."

Urho na zaune a kujera mai lilo, bargo a gwiwa. Na zauna muka yi shiru muna kallon tafki, kamar yadda ake yi. Gahawa ta zo muka sha rabi, sannan na faɗa masa. Ya dire kofin a kan faranti.

"Bayan tudu?"

"Bayan tudu."

"Wa ya aiki Impi bayan tudu?"

"Naman kaza."

Ya tsine wa naman kaza har da wanda bai tsiro ba. Can ya jawo kujerarsa kusa da tawa, ya rage murya.

"Kai ba ka da surutu, shi ya sa zan gaya maka."

Ashe wata guguwa ce shekarun baya ta kayar da bishiyoyin koivu, masu farin ɓawon nan, a cikin kwarin. Wurin fadama ne, tarakta ba ta shiga sai ƙasa ta daskare, don haka ya bari sai hunturu. Hunturu ya zo, ƙugu ya soma ciwo, ya sake ɗagawa. Da ya je duba wurin wata bazara, yana jin kunyar kansa, sai ya ji ana ƙwanƙwasa itace a sama, dogon kiɗa mai somawa da ƙarfi ya ƙare a hankali. Ya ɗaga kai ya ga tsuntsun nan mai saran itace da baki, wanda muke kira kafinta, amma ba irin na bakin gida da kowa ya sani ba. Mai farin baya ne, wanda rabon Urho da jin kiɗansa tun yana ƙarami yana bin babansa daji, kuma tsofaffi sun daɗe da cewa ya ƙare a yankinmu.

"Na ce bari in bar masa wurin bana kawai," in ji Urho. "Sai kuma..."

Na jira.

"Sai kuma na ƙara masa. Na zagaye ɓawon wasu da gatari don su mutu a tsaye."

"Kai? Ka kashe lafiyayyar bishiya don ta ruɓe?"

"Rage murya mana!"

Ban taɓa jin an ce mini in rage murya ba sai ran nan. Ya ce bana sun zo su biyu, sun haƙa gida a wani dogon mataccen koivu da ke bakin fadama, ramin yana can sama yana kallon ruwa, ba a ganinsa daga tudu. Ya gan su suna haƙa kafin ya tafi asibiti. Yanzu haka, in ji shi, akwai 'ya'ya a ciki. Kuma wannan itacen ne duk mai zarto zai fara sha'awar kayarwa, don ya fi kowanne tsawo da bushewa.

"Sai ka gaya musu," na ce.

"In gaya wa Reino? Bayan duk shekarun da na yi ina kiran dajinsa juji? Gara a yanka ɗaya ƙugun."

Daga kicin muryar Kerttu ta taso. "Ni dai ba zan faɗa a madadinka ba, tsoho. Ƙugu aka yi wa aiki, ba baki ba."

Urho ya juya da sauri har ƙugun ya tuna masa da kansa. "Uwargida, ke kin sani?"

"Mai zuwa saran itace ba ya barin gatari a rumfa ya ɗauki madubin hangen nesa. Tun bara nake goge maka shi."

Ya sa na yi alkawari ba zan faɗa wa kowa ba, sannan ya mai da ni ɗan aike. Ya ce in gaya musu ƙasa ta jiƙe, tarakta za ta nutse. Impi ta ce ai mutane da yawa, da hannu za a kwaso zuwa bakin tudu. Ya ce in ce itacen ya ruɓe, ba ya cin wuta. Ta ce ba komai, a tara shi bakin tafki don wutar bikin tsakiyar bazara. Ya ce in ce likita ya hana shi jin ƙara. Wannan karon Impi har ƙwalla ta kawo.

"Dubi kunyarsa, bawan Allah. Mutumin da bai taɓa roƙon kowa ko ƙusa ba. Ka ce masa ya kwantar da hankalinsa, ko tsinke ba za mu bari ba."

Haka na kai masa, ban rage ba. Ya rufe fuska da hula.

Ranar jajibirin gayyar na bi ta gidan Reino, na same shi a rumfa yana wasa haƙoran zarton injinsa. Ya yi mini magana bai ɗaga kai daga aikin ba.

"Na leƙa wurin jiya daga kan tudu. Toivo, ka san irin ruɓaɓɓen itacen da ke kwarin nan? Ni da nake lallaɓa nawa shekara da shekaru, bai kama ƙafarsa ba. Wallahi raina ba ya so." Ya hure garin ƙarfe daga sarƙar zarton. "Amma dajinsa ne. Mutum yana kwance, yadda yake so za a yi masa, ba yadda nake so ba."

Saura kaɗan in faɗa masa maganar tsuntsun. Amma ba tawa ba ce, kuma na yi alkawari. Na dai yanke a raina cewa in abin ya kai ga haka, zan je in jingina da itacen in ƙi tashi, kowa ya ɗauka tsufa ne.

Asabar ta waye da rana mai kyau. Motoci suka jeru a bakin titi, aka haura tudu da zarto da igiyoyi. Ni na tsaya gidan Urho don in kai abinci da ƙaramar taraktata. Daga baranda ana jin kukan injina ta bayan tudu, in wannan ya yi shiru wancan ya ɗauka. Urho na zaune, takalmin daji ɗaya a ƙafarsa mai lafiya, ɗayan a hannu, yana kallonsa kamar shi ne ya jawo masa duk wannan.

Kerttu ta fito da tukunyar romo, muka ɗora a tirela. Ta koma ta kawo kwandon baƙin burodi, ta sake komawa ta kawo matasan kai har da na gadonsu, ta jera kusa da tukunyar. Ba ta dubi mijinta ba.

"Toivo, akwai sauran wuri. In da wani kayan da ke son zuwa, a ɗora shi."

Can bayan tudu wani abu mai nauyi ya faɗi, har muka ji a ƙafafunmu. Urho ya miƙo mini takalmin.

"Sa mini. Kuma kada ka ce komai."

Haka muka tafi, ni a gaba, Kerttu a gefena, Urho a tirela kan matasai, ƙafa a miƙe, ya danne murfin tukunya da hannu biyu. Duk ramin da muka faɗa sai romo ya fantsamo masa, ya ce in bi a hankali. In na bi a hankali ya ce ko jana'iza muke kaiwa.

Da muka leƙo kan tudu, an riga an share kusan rabin kwarin. An yanka itatuwan da ke kwance, an kwaso su, an jera a bakin tudu, kai da kai, jeri mai kyau irin wanda Urho da kansa ba zai kushe ba. Can ƙasa, a gindin dogon koivun, Reino ne tsaye da hular aiki da abin toshe kunne, ya ɗaga kai yana duba inda itacen ya karkata. Ya sunkuya ya ja igiyar injin.

Urho ya yi ihu, ba a ji ba. Ya ɗauki ludayi ya hau dukan murfin tukunya, mutanen kusa suka juyo suna murmushi, sun ɗauka kiran abinci ne. Ni na riga na diro na soma gangarawa, amma gwiwoyina ba na gudu ba ne. Sai na ga wani abu ya wuce ta saman kaina yana juyawa, ya faɗi cikin ciyawa a gaban Reino. Sandar Urho ce. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana jifa da faskare bai manta hannu ba.

Reino ya dubi sandar, ya dubi tudu, ya kashe injin. Sarƙar ta ɗan lashi gindin itacen, ba ta shige ba. Ɗaya bayan ɗaya sauran injinan suka yi shiru.

"Wa ya fito da marar lafiya?" in ji Impi.

"Kada ka taɓa shi!" Urho ya ɗaga ludayi yana nuna itacen.

Reino ya cire abin kunnensa. "Matacce ne, suruki. Dube shi, ɓawon ma ya zube."

"Na san matacce ne. Ni na kashe shi."

Aka yi tsit. Mu mutane ne masu shiru, amma ban taɓa jin irin wannan ba. Urho ya dubi Kerttu, ita kuwa tana yanka burodi kamar ba a wurin take ba. Ya dube ni, na dubi takalmina. Da ya ga babu mai ɗauke masa, sai ya faɗa da bakinsa.

"Ba ciwo ne ya hana ni ba. Da gangan na bar wurin nan haka. Dukkansa. Akwai masu gida a sama."

Reino ya ajiye injin, ya zagaya bayan itacen, ya shiga fadama har gwiwa, ya ɗaga kai. Da yake babu ƙara yanzu, sai muka ji wani siririn kuka daga sama, bakuna da yawa suna tsiwa a lokaci ɗaya.

"Wane iri ne?" ya tambaya daga cikin ruwa.

"Mai farin baya."

Reino ya fito a hankali, ruwa na tsiyaya daga wandonsa, ya cire hula ya zauna a kan kututture.

"Mai farin baya," ya maimaita. "Ni na je taro. Ni na bar katakon da zan sayar ya ruɓe. Ni na sha zagi a kanti har mai kanti ya haddace. Shi ne tsuntsun ya tsallake dajina ya zo wajen mai guga?"

"Ya san aiki mai kyau ne," in ji Urho. "Ko ruɓa za a yi, akwai wanda ya iya."

"To faɗa. Mene ne sunan wurin nan?"

"Ba shi da suna."

"Faɗa a gaban mutane, ko in tayar da injin."

Kowa ya san ba zai tayar ba, har Urho ma ya sani. Amma bashin da ke kanka sai ka biya. Ya yi ƙasa da murya ya ce wani abu.

"Ban ji ba, suruki. Ka san zarto ya ɓata mini kunne."

"Juji ne! Jujina ne! Ka ji yanzu?"

Dariyar da aka yi, sai da Kerttu ta ɗaga wuƙar burodi ta nuna sama, aka tuna da masu gida, aka koma yin ta cikin hannu.

Impi ce ta fara dawowa hayyacinta. Ta ce an zo gayya, ba a komawa gida ba a yi wa mutum aiki ba, don haka maigida ya faɗi abin da yake so. Urho ya dubi kyakkyawan jerin nan na bakin tudu, ya daɗe yana kallonsa kamar mai sallama da ɗan uwa.

"A mayar," ya ce. "A ciki iyayen ke samun tsutsa. Da hannu, ban da inji."

Sai ga mutanen ƙauyenmu, waɗanda tun kakanni aikinsu fitar da itace daga daji, suna shigar da shi. Nan kuma aka sami matsalar da ba wanda ya hango. Duk wanda ya kai nasa sai ya ajiye shi daidai da na gabansa. Mijin Impi har yana daidaita bakunan da ƙafa, ya ja da baya ya rufe ido ɗaya ya duba. Kafin a ankara an yi wani sabon jeri a tsakiyar kwari.

"Ba haka ba!" Urho ya yi raɗa da ƙarfi daga tirela. "Wa ya ce ku jera? Guguwa tana jeri ne? Ku hargitsa!"

"Hannun ne ba ya yarda," in ji mijin Impi.

"Ku rufe ido ku saki," in ji Reino, wanda yau ya zama malami. "Da farko akwai ciwo. Daga baya ka saba."

Da ƙyar aka samu wurin ya yi muni yadda ake so. Na lura duk itacen da aka yar a karkace sai Urho ya runtse ido, amma bai ce a gyara ba.

Daga nan muka janye can kan tudu, nesa da itacen, aka raba abin da ya rage na romo. Tun safe ƙarar injina ta kori iyayen, ba wanda ya gan su, kuma kukan 'ya'yan ya soma raguwa. Urho bai taɓa kwanonsa ba. Reino da ke kusa da shi ma haka. Ba wanda ya ce a yi shiru. In dai zaman jira ne ba magana, wannan kam mun iya shi, ba sai an koya mana ba. Gahawa ta huce a kofuna, sauro ya same mu, ba wanda ya ɗaga hannu ya kore shi.

Can wani abu baƙi da fari ya ratso ta cikin bishiyoyi yana tashi yana sauka, ya manne a jikin wani koivu, ja a kansa. Ya tsaya yana kallonmu, mu ma muna kallonsa. Ya sauka kan ɗaya daga cikin itatuwan da muka mayar, wanda mijin Impi ya yar da ido a rufe, ya sare shi, ya sake sara, ya zaro wani abu fari. Ya tashi ya zagaya bayan dogon itacen, sai kukan ya ɓarke a sama kamar an buɗe makaranta.

Urho ya saki numfashi, ya jawo kwanonsa. Kerttu ta sa hannu ƙarƙashin burodi a cikin kwando, ta fito da madubin hangen nesa, ta tsallake hannun da mijinta ya miƙo, ta ba Reino.

"Madubina ne fa," in ji Urho.

Reino bai sauke shi daga ido ba. "Yi shiru, suruki. Za ka kore mana tsuntsu."